Fina-finan Samurai da Karon Al'adu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ana nuna fim ɗin samurai ya san ba a watsewa shiru. Kafin sunayen 'yan wasa su gama wucewa gardama ta kaure. Wannan ya ce bai taɓa ganin jarumta da riƙon amana irin haka ba, wancan ya ce Bature ne kawai ya tsara labari don ya yabi kansa. Ga tambayoyin da suka fi fitowa a irin wannan zama. Inda tarihi ya yi magana na kawo abin da ya ce, inda kuma ra'ayina ne ban ɓoye ba.

Su wane ne samurai? 'Yan Sin ne?

A'a, 'yan Japan ne. A wajenmu an saba kiran duk fim ɗin da ya fito daga gabashin Asiya "fim ɗin Caina", amma Sin daban, Japan daban, harshe da tarihi kowa da nasa.

Kalmar samurai ta samo asali ne daga wata kalma mai nufin yi wa wani hidima. Wato bara ne mai makami, yana ƙarƙashin ubangida, babban hakimi mai ƙasa da ake kira daimyo. Daga baya abin ya zama gado, ɗan samurai samurai ne. Tun daga wajen 1185 har 1868, kusan shekara 700, ainihin mulkin Japan na hannun waɗannan mayaƙa. Sarkin sarakuna yana zaune a Kyoto ana girmama shi, amma mai iko shi ne shogun, babban sarkin yaƙi.

Abin da fina-finai ba su cika nunawa ba shi ne, daga 1603 da gidan Tokugawa ya karɓi mulki, ƙasar ta shafe fiye da shekara 250 kusan babu yaƙi. Samurai na wancan zamani galibinsu ma'aikatan ofis ne, masu lissafin haraji da tsaron ƙofa, ana biyansu da shinkafa, da yawansu bashin 'yan kasuwa ya yi musu katutu. Takubba biyu na ƙugu, amma wani har ya tsufa bai taɓa sarar kowa ba.

Me ya sa fim ɗin The Last Samurai, wato samurai na ƙarshe, ya fi sauran jawo ce-ce-ku-ce?

Saboda shi ne wanda mutane suka fi gani, kuma shi ne ya fi taɓa zuciya. Ya fito a 2003, Edward Zwick ya ba da umarni. Tom Cruise ya fito a matsayin kyaftin ɗin sojan Amurka da abin da ya aikata wa 'yan asalin ƙasarsa ya hana shi barci, ya koma shan giya. A 1876 gwamnatin Japan ta ɗauke shi ya horar da sabbin sojojinta. Samurai 'yan tawaye suka kama shi, ya yi sanyi guda a ƙauyensu, ya koyi harshensu da takobinsu, daga ƙarshe ya yi yaƙi a ɓangarensu.

Masu son fim ɗin suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce ga Hollywood ta yi fim inda Bature ne ɗalibi, ba malami ba. Shi ne ƙazami, mashayi, marar ladabi, mutanen ƙauye ne suka gyara shi. Sun ce fim ɗin ya fito fili ya zargi Amurka da kisan 'yan asalin ƙasa da cinikin makamai. Kuma babu mai musun cewa Ken Watanabe, wanda ya fito a matsayin shugaban 'yan tawaye Katsumoto, ya cika fuskar majigi. Har sunansa ya shiga jerin 'yan takarar lambar Oscar saboda wannan rawa.

Masu suka kuma sun ce a duba lissafi. Baƙo ya zo, cikin watanni kaɗan ya kamo waɗanda suka tashi da takobi a hannu tun suna yara. An sauke shi a gidan matar mutumin da ya kashe, ita kuma ta ƙare da sonsa. A yaƙin ƙarshe kowa ya faɗi, shi kaɗai ya tashi, kuma shi ne ya je fada ya tuna wa sarkin sarakunan Japan ko su wane ne mutanensa. Wannan shi ne salon da masu nazari ke kira labarin farin mutum mai ceto.

Ni ina ganin kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce da idon wa ake nuna mana ƙauyen. Duk abin da muka gani, da idon baƙo muka gan shi, shi ya sa komai tsaf-tsaf: babu mai yunwa, babu mai bashi, babu manomin da ke ƙorafin haraji. Baƙo kyan gari yake gani, ɗan gari ne ya san inda rufi ke yoyo.

To, Tom Cruise ne "samurai na ƙarshe"?

Masu kare fim ɗin suna cewa a'a. Kalmar samurai ba ta canza siffa tsakanin ɗaya da jam'i, don haka sunan na iya nufin Katsumoto da mutanensa gaba ɗaya. Bayanin daidai ne ta fuskar harshe. Sai dai fuskar da ke kan hoton tallan fim ɗin, sanye da jan sulke, ta Tom Cruise ce, kuma mai kallo abin da ya gani yake ɗauka.

Su mutanen Japan ɗin, sun ji haushin fim ɗin?

Wannan amsar tana ba mutane mamaki. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 450 a duniya, kuma kuɗin da ya samu a Japan ya zarce wanda ya samu a Amurka. Sun cika gidajen silima.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Shekaru da yawa Hollywood na shafa wa Turawa kwalliya su fito a matsayin 'yan Asiya, ko ta mai da ɗan Japan abin dariya ko mugu. A nan kuwa an ɗauko manyan 'yan wasansu, irin su Watanabe da Hiroyuki Sanada, suna magana da harshensu, ana nuna kakanninsu da daraja. Wanda aka daɗe ana rainawa, ranar da aka yabe shi a bainar duniya ba ya tsayawa ƙirga kurakurai.

Kurakuran dai suna nan, kuma wanda ya san ƙasar zai gan su. An ɗauki mafi yawan fagagen ƙauye da na yaƙi a Niyuzilan, a yankin Taranaki, don haka itatuwa da ciyayin ba na Japan ba ne. An sa 'yan ninja sun kai hari a zamanin da labarinsu ya riga ya zama tatsuniya. Sulken da 'yan tawayen suka sa ya fi kama da na shekara 300 kafin lokacin.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka kai musu suke karɓa. A 2013 aka fitar da 47 Ronin tare da Keanu Reeves. Asalin labarin gaskiya ne kuma kowane ɗan Japan ya san shi: a 1701 aka tilasta wa hakimi Asano Naganori kashe kansa saboda ya zare takobi a fadar Edo, wato Tokyo ta yau, ya sari wani babban jami'i mai suna Kira, sai barorinsa 47 suka yi haƙuri kusan shekara biyu, suka ɗaukar masa fansa. Kaburburansu na haikalin Sengaku-ji a Tokyo, har yau ana ziyarta. Hollywood ta cusa mayya da dodanni da wani jarumi ruwa-biyu a cikin labarin. Fim ɗin bai yi kasuwa a Japan ba, kuma ya jawo wa masu shi babbar asara.

Da gaske ne samurai sun ƙi bindiga saboda suna ganin ta makamin matsorata ce?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan ita ce ƙaryar da ta fi zama a kan masu kallo. 'Yan Fotugal sun kawo bindiga tsibirin Tanegashima a 1543. Maƙeran Japan suka kwance ta, suka koyi ƙera ta, cikin 'yan shekaru ta bazu ko'ina. A yaƙin Nagashino na 1575, Oda Nobunaga da Tokugawa Ieyasu sun jera 'yan bindiga a bayan shinge suka karya rundunar gidan Takeda. Wato shekara 300 kafin zamanin da fim ɗin Tom Cruise ke nunawa, samurai sun riga sun san albarushi sarai.

Ko a fagen fama na dā ma, baka da kibiya da mashi sun fi takobi aiki. Takobi alamar matsayi ce da makamin kusa. Fim ne ya mai da ita komai, domin ta fi kyau a hoto.

In ba bindiga ba ce, me ya kawo tawayen?

Nan ne labarin gaskiya ya fi na fim daɗi, kuma nan nake so mai kallo ya tsaya.

A 1853 Matthew Perry na sojan ruwan Amurka ya iso gaɓar Edo da jirage huɗu, ya ce a buɗe ƙasa ko a ji a jika. Japan ta shafe fiye da shekara 200 a rufe, 'yan Holan kaɗai daga Turai aka yarda su yi ciniki a ɗan tsibirin Dejima na Nagasaki. A 1854 gwamnatin shogun ta sa hannu kan yarjejeniyar buɗe ƙasar. Wasu matasan samurai, musamman daga yankunan Satsuma da Choshu, suka ga wannan ƙasƙanci ne. Suka kifar da shogun a 1868, suka yi mulki da sunan matashin sarki Meiji.

Waɗannan samurai ɗin da kansu ne suka rusa samurai. Sun ga yadda Ingila ta ci Sin da yaƙi, suka yanke cewa in ba a sauya ƙasar ba za a cinye ta. A 1871 aka soke ƙasashen hakimai. A 1873 aka kafa dokar ɗaukar kowane namiji aikin soja, ɗan manomi ya riƙe bindiga kamar kowa. A 1876 aka hana yawo da takobi, aka kuma mai da albashin gado na samurai takardun bashin gwamnati. A taƙaice, cikin shekara biyar mutum ya rasa ubangidansa da sana'arsa da alamar darajarsa da abincin gidansa.

Mutumin da aka gina Katsumoto a kansa shi ne Saigo Takamori. Yana cikin waɗanda suka kafa sabuwar gwamnatin, janar ne na sabuwar rundunar. Ya bar gwamnati a 1873 bayan an ƙi shawararsa kan batun Koriya, ya koma garinsu Kagoshima, matasan samurai marasa aikin yi suka taru a makarantun da ya kafa. A farkon 1877 suka fasa rumbunan makaman gwamnati, yaƙi ya tashi. Sun yi wa ganuwar Kumamoto ƙawanya kusan wata biyu da bindigogi da igwa, ba su ci ta ba. Takobi ya zama abin dogaronsu ne lokacin da harsashi ya ƙare. Ranar 24 ga Satumba 1877, a tudun Shiroyama, 'yan ɗaruruwan da suka rage suka fuskanci sojoji kusan dubu 30, Saigo ya mutu a nan.

Wanda ya jagoranci gwamnatin da ta murƙushe shi, Okubo Toshimichi, abokinsa ne tun ƙuruciya, ɗan garinsu. Shi ma wasu samurai suka kashe shi a 1878. A 1889 aka yafe wa Saigo, mutum-mutuminsa na tsaye a dandalin Ueno na Tokyo yana riƙe da karensa.

To wannan ba karo ba ne tsakanin Japan da Turawa kawai. Rigima ce ta cikin gida, aboki da aboki, kan wa zai ci, wa zai rasa. Akwai kuma ɓangaren da ke damuna duk lokacin da na kalli yaƙin ƙarshe na fim ɗin. Waɗannan sojoji masu baƙaƙen kaya da muke murna ana sarewa, 'ya'yan manoma ne. Samurai ba su kai kashi ɗaya cikin goma na jama'a ba, kuma a tsohon tsari doka ta ba samurai damar sare talakan da ya ci masa mutunci. Ga ɗan manomin da aka ba bindiga, sabon zamani ba asara ba ce.

An taɓa samun baƙon da ya yi yaƙi tare da samurai?

An samu, amma ba Ba'amurke ba ne. Jules Brunet hafsan sojan Faransa ne da aka turo ya horar da dakarun shogun. Da yaƙin basasa ya tashi a 1868 ya ƙi komawa gida, ya bi su har Hokkaido, ya tsere kafin faɗuwarsu a 1869. Sai dai bindiga da igwa ya koya musu, ba shi ya koyi takobi ba. Sabuwar rundunar Meiji ma Faransawa ne suka fara horar da ita, daga baya Jamusawa, sojan ruwa kuma Ingilishi.

Kafin shi akwai William Adams, matuƙin jirgi ɗan Ingila da ya iso a 1600 cikin jirgin 'yan Holan, ya zama mai ba Ieyasu shawara, ya mutu a Japan a 1620. Akwai kuma Yasuke, baƙar fata ɗan Afirka da ya zo tare da wani limamin Katolika, ya shiga hidimar Nobunaga a 1581, yana tare da gidan a 1582 lokacin da aka ci amanar ubangidan nasa a Kyoto.

Me ya sa waɗanda suka soki The Last Samurai suka yabi shirin talabijin Shogun na 2024?

Tushen labarin ɗaya ne, baƙo ya faɗo cikin samurai. An gina shi kan littafin James Clavell na 1975, wanda ya ɗauko rayuwar Adams ya sauya sunaye. An taɓa yin shirin a 1980, kuma a wancan karon ba a rubuta fassarar maganar 'yan Japan a ƙasan majigi ba, mai kallo yana jin abin da Baturen ya ji ne kawai.

Na 2024 ya juya madubin. Mafi yawan maganar da Japananci ake yi, da fassara. Sanada, wanda ya fito a matsayin babban hakimi Toranaga, yana cikin masu shirya shirin, ya tsaya kan a gyara tufafi da zama da tafiya da lafazi. Muna shiga ɗakunan da Baturen bai shiga ba, muna jin ana kiransa bagidaje mai wari, muna gane cewa shi ɗa ne kawai a darar da wasu ke bugawa. Har Turawan ma ba kansu ɗaya ba: 'yan Katolika na Fotugal da ɗan Furotesta na Ingila suna ƙin juna fiye da yadda suke ƙin kowa. Shirin ya ci lambobin Emmy 18, abin da zango guda na wani shiri bai taɓa yi ba.

Wasu masu kallo sun yi ƙorafi cewa an ja su kashi goma ana shirin babban yaƙi, sannan ba a nuna yaƙin sosai ba. Na fahimce su, amma ni a wajena nan ne ƙarfinsa. Mutumin da ya ci nasara shi ne wanda ya iya jira.

Yaya za a yi a riƙa nuna kashe kai a matsayin abin yabo?

Wannan tambaya tana yawan fitowa daga masu kallo Musulmi, kuma tana kan hanya. A addininmu kashe kai haramun ne, rai amana ce. A tsarin samurai kuwa, seppuku, wato farke ciki, hanya ce ta wanke kunya ko guje wa kamu. Sau da yawa ma hukuncin kisa ne da aka sa wa rigar girmamawa: ubangida ya ba da umarni, wani na tsaye da takobi don ya gama aikin.

Fahimtar dalilinsu ba yarda da shi ba ne. Kuma su kansu 'yan Japan ba bakinsu ɗaya ba. Fim ɗin Harakiri na Masaki Kobayashi, 1962, ya tona yadda manya ke fakewa da mutunci suna halaka matalauta. Aƙidar nan da ake kira bushido ma, wadda fina-finai ke nunawa kamar dokar da aka gada tun fil azal, littafin da ya tallata ta a duniya Nitobe Inazo ya rubuta shi da Turanci wajen 1900, bayan samurai sun shuɗe. Gwamnatin soja ta yi amfani da ita wajen tura matasa mutuwa a yaƙin duniya na biyu. Shi ya sa mutanen Sin da Koriya, da suka ɗanɗani mamayar Japan, ba lallai su kalli waɗannan fina-finai da shauƙin da muke kallonsu ba.

Ya dace a kalla da yara?

Akwai sare kai da farke ciki a fili, Shogun kuma yana da tsiraici. Babba ya fara gani tukuna.

Wasu na cewa yaƙin ƙarshen The Last Samurai yana tuna musu Burmi. Kwatancin ya yi?

Hoton ya yi kama: mahaya da takubba da masu suna sukuwa zuwa bakin bindiga mai jigida. Haka aka yi a Kwatarkwashi da Sakkwato a farkon 1903, haka Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. Wanda ya tashi da jin waɗannan labarai, dole ƙirjinsa ya buga.

Bambancin dai babba ne. A Burmi baƙo ne ya zo karɓe ƙasa. A Shiroyama gwamnatin ƙasa ce ke yaƙar 'ya'yanta, kuma wannan gwamnati ce ta hana a mallake Japan. Shekara 28 bayan mutuwar Saigo, a 1905, rundunar 'ya'yan manoman nan ta ci Rasha da yaƙi.

Wanda yake son ya ga yadda 'yan Japan ke ba da labarin da kansu, daga ina zai fara?

Daga Seven Samurai na Akira Kurosawa, 1954. Baƙi da fari ne, ya haura awa uku, amma wanda ya kalli Sholay ya riga ya san ƙashin bayan labarin, domin daga wannan zuriyar ya fito: ƙauye da 'yan fashi suka addaba ya ɗauko mayaƙa haya. Amurkawa ma sun maimaita shi a 1960 da 'yan kaboyi.

Babu Bature ko ɗaya a ciki, amma ban ga fim ɗin da ya nuna karon al'adu kamarsa ba, domin karon tsakanin samurai da manoma ne. Manoman ba su da kuɗi, da shinkafa suke biya, su kuma suna cin gero. Suna tsoron masu cetonsu kamar yadda suke tsoron ɓarayin, har suna ɓoye 'ya'yansu mata. A tsakiyar fim aka gano suna da ɓoyayyun sulke da masu da suka tuɓe daga jikin samurai da suka kashe bayan yaƙe-yaƙe. Ran mayaƙan ya ɓaci, sai wanda Toshiro Mifune ke takawa, wanda asalinsa ɗan manomi ne da ke riya shi samurai ne, ya tashi yana kuka yana tuna musu su wa suka ƙona gonaki suka kwashe hatsi har manomi ya zama haka. Cikin bakwai ɗin huɗu suka mutu, kuma dukkansu harbin bindiga ne ya kashe su.